Jinin da Ya Fito a Ƙaho

Ƙullutun ya fito min a ƙwaurin hagu, shekarar da na shuka albasa a fadamar Toranke. Da farko bai fi goriba ba. Kafin a cire albasa, jijiyoyi sun yi rassa a kansa, in na dafa sai in ji ɗumi.

Yayana ne babba a gida tun rasuwar mahaifinmu. Ya duba ya ce mataccen jini ne, ya aika aka kira wanzami. Wanzamin ya tsaga, ya kafa ƙaho. Na sha ganin mataccen jini, baƙi ne, guda-guda. Nawa ja wur ya fito, da gudu. Na ce wannan jinin da ransa. Yaya ya ce in yi shiru, ban fi mai sana'a sani ba.

Sau huɗu aka yi min cikin wata bakwai. Duk lokacin da na ambaci asibiti, sai ya ce a ƙara ƙaho ɗaya. A na huɗun jinin ya ƙi tsayawa. A bayan a-kori-kura aka kai ni Gaya, daga can aka tura mu Kano.

A can likitar ta ce kansa ce, wato ciwon daji. Ta ga ni manomi ne, ta yi min bayani da noman rani. Ta ce akwai umarni a cikin kowace ƙwayar nama, na wannan wurin ne ya lalace. Naman yana ta yaɗuwa, yana kuma aika wa jijiyoyin jini su tsiro su zo gare shi, kamar mai fasa hanyar ruwa ya karkatar zuwa fangalinsa. Sababbin jijiyoyin ba su da ƙwari, shi ya sa da aska ta taɓa su suka ɓalle. Na tambaye ta ƙafar fa. Ta ce da na zo tun yana goriba, da wataƙila.

Sama da gwiwa suka yanke.

Da na dawo, Yaya ya shigo gaisuwa, ya zauna a bakin tabarma, ya ce haka Allah ya ƙaddara.

Na ce, "Ciwon na Allah ne, Yaya, na karɓa. Wata bakwai ɗin naka ne."

Ya ce in ji tsoron Allah, shi taimako ya yi. Na jawo sanduna na tashi da kaina. Ya miƙo hannu zai tallafe ni, na ce ya bari.