Malamin da Ya Ce Bai Sani Ba

Shekarun baya, lokacin da na fara tsayawa da ƙafata a harkar wake da riɗi, ina da aboki mai koyar da kimiyya a wata sakandare a nan yankin Gumel. Tare muka tashi. Shi ya bi boko har ƙarshe, ni kuwa na tsaya daidai inda na iya ƙirga buhu.

Wata rana ya zo sitona ya ce in auna masa wake, amma wanda ƙwari suka fara ci. Na ce, "Malam, har albashin ya kai ka ga haka?" Ya yi dariya ya ce ba na tukunya ba ne. Ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu ba komai a cikinsa sai tebura, shi ne yake so yara su yi aiki da abin da suka sani a gida.

Ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowa ya zo da robar ruwa ya zuba wake. Wasu suka haɗa da toka, wasu barkono, wasu ganyen darbejiya, wasu suka toshe bakin robar kawai. Tambayar ita ce: wanne zai kashe ƙwarin? Babbar 'yata tana ajin. Yarinyar da sai an yi faɗa take tafiya makaranta, sai ga ta tana riga kowa fita don ta duba robarta.

Ita ce ta ce min, "Baba, mun tambayi Malam wanne zai kashe ƙwarin, ya ce bai sani ba, mu gwada mu gani." Tana faɗa tana murna. Ni kuwa ban yi murna ba, don na san mutanenmu.

Na same shi na ce, "Ka san amsar nan?" Ya ce sarai. Na ce, "To ka bar cewa ba ka sani ba. Ko a kasuwa, dillalin da ya ce bai san farashi ba ya kori kansa." Ya ce, "Alhaji, in na faɗa musu haddacewa za su yi. Ba mai sake kallon robar."

Magana ta zaga gidaje. Ranar taron iyaye, wani dattijo, mutumin kirki kuwa, ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, gaskiya ne jikana ya tambaye ka, ka ce ba ka sani ba?" Abokina ya ce gaskiya ne, amma bari ya yi bayani.

"Ai bayani ya ƙare," in ji dattijon. "Mun hana yaran nan gona don su samo abin da ba mu da shi. Wake da toka kuwa, ga kakarsa a gida. Jarrabawa na tafe. In sun zauna, su ma su rubuta ba su sani ba?"

Na tashi in kare abokina. Ni da nake juya mai saye daga Damagaram da baki kawai, ran nan harshena ya ƙi aiki. Ina cikin kame-kame wani daga baya ya ce, "Alhaji, ko kai ka sayar masa da waken ne?" Aka tuntsire da dariya. Na zauna.

Shugaban makarantar ba mugu ba ne, surutu ne ba ya so. Tun kafin ranar buɗe robobin aka karɓe ajin daga hannun abokina, aka tura shi wata makaranta can wajen Sule Tankarkar, inda ba ajin kimiyya. Robobin aka share aka zubar. Na faɗa wa 'yata amsar, cewa toshe bakin robar ne ke kashe ƙwarin, don na san ta daga aikin sito. Ta ce, "To, Baba," ta tashi. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Bai daɗe a can ba ya ajiye aikin. Yau shi ke riƙe min sikeli a Maigatari, kuma ban taɓa samun mai amana kamarsa ba. A lissafin kasuwa ni na ci riba. Amma riba ce da ba na jin daɗinta, don na san daga bakin yaranmu aka cire ta. Dattijon nan bai yi don mugunta ba. A wajenmu malami shi ne mai amsa, kuma har yau haka muke.

Ranar kasuwa tsofaffin ɗalibansa sukan biyo ta rumfata, su durƙusa su ce, "Malam, ina wuni?" Yakan amsa musu da kyau, ya tambayi gida. Amma ba ya ɗaga ido daga kan sikelin sai sun wuce.