Gwaggo Dije da Yatsan Ƙafata

Da zarar zafin Makka ya fara sassautawa, Gwaggo Dije za ta hau saman bene bayan Asuba, ta shaƙi iska, ta sauko ta ce, "Kaka ta yi." Ina gona a unguwarmu ta Misfala? Ina gero? Oho! Tun tana budurwa ta baro ƙauyensu, amma hancinta bai manta da lokacin girbi ba. Daga ranar gida ya shiga uku: a kashe mukayyif mai sanyaya ɗaki, a buɗe tagogi, a fitar da katifu su sha rana, barcin safe kuma an soke shi. Rimot ɗin mukayyif ma a bakin zaninta take ɗaure shi.

Ku da kuka san ni kun san ba na raga wa kowa. Amma yayar mahaifina ɗin nan ta sa na sunkuyar da kai a garin nan har wuyana ya gaji.

Shekarar da likita ya ce sugana ya hau, babban yatsan ƙafata ya fara baƙi, in ban gyara ba sai an yanke, ita ce ta raka ni asibiti. Shi ke nan, ta samu aiki.

Gari bai gama wayewa ba za ta tsaya a kaina. "Tashi, buhun shinkafa! Yalla, iskar kaka ba ta jiran ragwaye." Mu zagaye unguwa a ƙafa, tsohuwa a gaba, ni a baya ina haki. Wata rana muka zo shagon Bayamanen nan mai sayar da ma'asub, kayan zaƙin nan, ƙanshin ayaba da zuma ya sa na rage tafiya kaɗan. Wallahi kaɗan! Sai ta leƙa ta ce masa da Larabcinta mai kama da Hausa, "Ka ga wannan? Ka sayar mata, ka sayar wa gawa." Layin maza ya juyo gaba ɗaya. Nikabina ne kawai ya cece ni, shi ma ba sosai ba, don ta kira sunana da na mijina.

A lokacin na shiga makarantar manya, da furfurata ina koyon haɗa baƙi. Ranar da malamarmu, yarinyar da na haifi sa'arta, ta kira ni gaban allo, sai ga Gwaggo ta turo ƙofa da fulas.

"Wa ya ce ki fito ba ki sha hulbarki ba?"

"Gwaggo, muna darasi."

"Darasin zai tsaya miki a ƙafa?"

A gaban allo na shanye, ɗacin har ƙwaƙwalwa. Kun kuma san warin gumin mai shan hulba. Har aka yi hutu babu wadda ta ƙara zama kusa da ni.

Na walimar ɗana kuwa ba na son tunawa. Surukai sun zo daga Jidda, turare ko'ina, uwar amarya da hannunta ta miƙo mini kunafa. Gwaggo ta fizge farantin. "Hajiya, ba a ba wa wannan zaƙi. Ruɓewa take yi daga ƙasa." Ta zauna ta cinye a kan idona.

Bara, iska ta fara sanyi ke nan, ta kwanta. Na je asibiti na tarar ɗakin cike: likita, 'ya'yanta maza, har da surukina. Ba ta iya ɗaga kai, amma ta yafito ni.

"Cire safa."

"Haba Gwaggo, a gaban mutane?"

"Cire, don ubanki. Ƙanina ne, ina da iko."

Na cire, na ɗora ƙafar a gefen gado kamar mai tallarta. Ta lalubo babban yatsan, ta matsa, ta daɗe riƙe da shi.

"Yana nan," ta ce. "Sai dai kaushi. Kai, wannan kaushi! Likita, ba ku da dutse?"

Kowa ya yi dariya, ni na kasa. Washegari aka sallace ta a Harami.

Allah, ka ga tsohuwar nan. Ta hana ni barci don in tsaya da ƙafata, Kai kuma ka ba ta hutu. Ka yalwata mata kabarinta, ka sanyaya mata makwanci, ka haɗa mu a inda babu ciwo. Amin.