Ranar da Motar Cikin Ordinatar ta Ƙi Tashi

Shekara talatin na yi ina jan mota tsakanin Tawa da Kalfu. Karatuna na lakwal, wato boko, kuwa a aji huɗu ya tsaya, ranar da mushe, malamin ajinmu, ya ce kaina rariya ne. Don haka duk abin da zan faɗa a kan ordinatar, wato kwamfuta, a karɓe shi da ladabi, maganar masani ce.

Ɗana da ke Abijan ya aiko mini da ita, tsohuwa, bayan ciwon gwiwa ya sauke ni daga sitiyari. Wasa guda ke ciki: babbar mota kake ja a hanyar Turawa, ba rami, ba jaki, ba jandarma. Na kama ta da dokar da na sani. Motata ta ƙarshe, in ka kashe ta a Kalfu sai ka nemi ƙarti biyar su tura, saboda haka direba mai hankali ba ya kashe inji. Ordinatar ma ban taɓa kashe ta ba. Murfin nake rufewa, in bar ta a caji.

Da damina matata ta rasu. Kwana huɗu ta yi tana zazzaɓi. A zaman makoki mutane suka yi ta yaba tawakkalina, ni kuwa ba tawakkali ba ne. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta nake, ko an tsunkule ni ba na ji.

Bayan an watse na gano inda hotunanta suke a cikin na'urar. Kullum in buɗe biyu ko uku, in duba, in bar su nan, gobe in ɗora wasu a kai. Ban rufe ko ɗaya ba, don ban san inda hoto yake zuwa ba idan an rufe shi. Har da wani bidiyo na ranar sallah, tana tsugune bakin murhu. Shi ban bari ya yi tafiya ba. Ina buɗewa na tsayar da shi, ta juyo ke nan, baki buɗe, za ta yi magana.

Bayan sadakar arba'in na ce bari in ja mota. Na latsa, wasan ya ƙi tashi. Wani ɗan akwati ya fito da Faransanci, na karanta da ƙyar: memuwar, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ba ta isa ba. Na hura mata iska. Na ɗora ta kan murfin randa ta sha sanyi. Na ɗan bubbuga gefenta yadda ake yi wa batir. Kwana uku akwatin yana nan, bai ji kunyar furfurata ba.

Ranar Juma'a 'yata ta kawo mini tuwo. Sakatariya ce a wani ofis, sunan mahaifiyata gare ta, don haka uwata nake ce mata. Ta duba gindin allon, ta dafe kai.

"Baba, yaushe rabonka da kashe abin ga?"

"Tun da ya zo."

"La'ilaha! Shi ya sa. Lodi ka yi mata hiye da ƙima."

"Uwata, da ke da injin duk ƙananan yara ne. Ni na ɗauki buhu ashirin da raguna a kai."

Ta yi mini bayani. Wai na'urar tana da rumbu, tana da bayan mota. Abin da ke rumbu yana nan lafiya. Amma duk abin da ka buɗe ka ɗora shi bayan mota ne, kuma wasan yana son wuri babba. Sai an sauke kaya, a kashe, a sake tayarwa.

Ta fara rufe hotunan ɗaya-ɗaya. Ina kallo uwarta tana ɓacewa: da lulluɓi, da tasa a hannu, da jika a baya. Da ta zo kan bidiyon na riƙe mata hannu.

"In bai dawo ba fa?"

"Shina dawowa, Baba."

"Kin tabbata, ko irin tabbacin makanike ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta yi alkawari. Na saki hannun.

Allon ya yi baƙi. Fankar cikin na'urar da ta yi wata da watanni tana gurnani ta yi shiru, har na ji kajin maƙwabta. Na zauna ina kallon fuskata a cikin gilashin, tsoho da hula a karkace. Sannan haske ya dawo. Ta latsa wasan, ya tashi ba gardama, motar tana tsaye bakin hanya.

"Bar motar," na ce. "Nuna mini ɗayan."

Ta shiga rumbun, ta buɗe. Ita ba ta san ina tsayar da shi ba, sai ta bar shi ya tafi. Hayaƙi ya motsa. Matata ta juyo, ta nuna ni da muciya.

"Malam, a bar ɗaukar mutane hoto, a zo a kama mini tukunyar ga."

"To, ga ni nan," na ce.

Da ƙarfi na faɗa, har na dafa tabarma zan miƙe. 'Yata ta sunkuyar da kai, ta shiga buɗe kwanon tuwo. Ta ce miyar kuka ce, in ci tun da zafi. Na wanke hannu na ci.