Taswirar Layin da Bai Iso Djougou Ba

Har gobe, in na buɗe tsohon gwangwani warin tsatsa ya bugi hancina, sai in ga kaina a zauren kakana a Djougou, ruwan damina na zuba kan kwano, ni kuwa ina raɓe a bakin ƙofa ina cika ina batsewa.

Kakana jikan fataken goro ne. Yana saurayi aka ɗauke shi aiki tare da Turawa masu awo, waɗanda suka tako daga Parakou suna auna inda za a shimfiɗa layin dogo. Shi ke jan sarƙar awo, shi ke yi musu tafinta a ƙauyuka. Da suka gama, babbansu ya bar masa kwafin taswirar. Jirgin kuwa, siririn layin nan da ya taso daga bakin teku, ya zo Parakou ya tsaya cak. Bai taɓa iso mu ba.

Taswirar tana naɗe cikin wani dogon gwangwani a bayan buhunan dawa. Ni ke kai wa tsohon ruwan alwala, ni ke matsa masa ƙafa in sanyi ya kama gwiwarsa, amma bai taɓa buɗe ta domina ba. Sai babban hutu ya zo, ɗan baffana ya sauka daga kamiyo, babbar motar kaya. Sa'ana ne, a unguwar Albarika ta Parakou suke zaune, kuma ya taɓa shiga jirgi har Cotonou.

Ranar da ya iso, ranar ake shimfiɗa taswira kan tabarma, a danne gefenta da goro huɗu. Takardar ta yi ja kamar ruwan kanwa. Baƙin layi ya hauro har Parakou, daga nan sai ɗigo-ɗigo ya nufo wajenmu.

"Abokina," in ji kaka, "faɗa mini, yaya jirgin yake kuka in zai tashi daga tasha?"

Sai yaron nan ya kumbura kumatu ya yi kukan jirgi, tsohon ya yi ta dariya har da hawaye. Ka san ciwon da ke cikin wannan kalma? Duk shekara ni ne abokinsa. Da baƙo ya zo sai in koma "kai, yaro, matsa ka tare mana haske."

Na gwada komai. Na haddace sunayen tashoshi daga bakin direbobin kasuwa na zo na rera masa. Ya saurara, ya ce, "Ji ba gani ba ne." Na roƙi babana ya kai ni Parakou, ya ce sai an gama girbi. Girbi ya wuce, wani ya zo.

Daminar da jikin kaka ya yi nauyi, ya kira mu mu biyu. Na zauna, na kuwa san abin da za a raba. Ya miƙa wa ɗan baffana gwangwanin.

"Kai ka ga inda ya tsaya," ya ce. "Riƙe, ko za ka ga ya ci gaba."

Ni kuwa ya dafa kaina kawai. Na fita bayan gida na tsaya cikin ruwa don kada a gane hawaye ne.

Yanzu jirgin fasinja ya daina zuwa ko Parakou ɗin, ciyawa ta rufe ƙarfen. Masu son kayan tarihi sun fara yawo suna neman tsofaffin taswirori, ɗan baffana kuwa ya sa tasa cikin gilashi a falonsa na unguwar Ladjifarani a Parakou. Bara na je masa gaisuwar Sallah, ya ja ni gabanta ya nuna wani ɗan jan tabo kusa da wani rafi.

"Baƙi suna ta tambayata mene ne wannan. Ko ka sani?"

Na ce nan ne zazzaɓi ya kayar da kaka, wata tsohuwar Bafulatana ta yi jinyarsa da nono da saiwoyi har ya miƙe. Ya sha ba ni labarin ina matsa masa ƙafa, har da yadda ya yi wa wurin alama a taswirar.

Ya tsura wa gilashin ido.

"Ni bai taɓa faɗa mini ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Mu biyu duk mun yi furfura, jikoki na wasa a tsakar gida. Ya kamata in ji tausayinsa. Wallahi daɗi na ji, har na nemi a ƙaro mini shinkafa.