Mai Hoce a Gidan Abincin Hajiya Kulu

Hajiya Kulu doka ɗaya gare ta a gidan abincinta na bakin tashar Tsafe, kuma ga ta nan ɓaro-ɓaro a bango: ba a shigowa da abincin waje. Ko jiya sai da ta fatattaki wasu 'yan yawon buɗe ido da robar shinkafarsu.

Yanzu kuma ga wani dattijo zaune daidai ƙarƙashin rubutun. Dogo ne siriri, hularsa ta koɗe, amma rigarsa ta sha guga. Ya jingine sandarsa, yana kwance wani ƙullin ƙyalle a tsanake. A ciki hoce ne guda huɗu, gasasshiyar wainar dawar nan ta ƙauye.

Hajiya ta ajiye ludayi ta nufo shi, masu cin abinci sun zuba ido. Tana kallon ƙullin tana ayyanawa a ranta: wata tsohuwa ce ta tashi da asuba ta gasa masa, ta ɗaure bakin har sau biyu saboda hanya da nisa.

Kafin ta buɗe baki, ya gutsuro rabin ɗaya, ya miƙo mata da hannu biyu.

"Bisimilla, Hajiya. Bai kamata in ci a gidanki ban yi maki tayi ba."

Shekara goma sha biyu tana ciyar da matafiya, ba wanda ya taɓa yi mata tayi. Ta karɓa, ta kai baki, ta daɗe tana taunawa.

"Baba, ai hocen nan ya fi ƙarfin a ci shi gaya. Miyar sure zan zubo maku ko ta kuka?"