Mutum na Goma a Omdurman

Sasson Mukammal ya taso daga Basra a 1908, ya sauka tashar jirgin ruwa ta Sawakin da dila biyu na yadi, ya buɗe shago a kasuwar Omdurman. Amma ba da yadi Yahudawan garin suka fi saninsa ba. A addininsu ba a yi wa mamaci addu'ar shekara sai maza goma sun hallara, kuma duk ranar da za a yi, Sasson ne ke rufe shago ya bi gida-gida yana tattaro mutane. Da ya rasu, ɗansa Heskel ya gaji shagon da yawon.

Bayan yaƙin watan Yuni na 1967 zama ya yi wa Yahudawa wuya, suka fara raguwa, ba mai sallama. Iyali sai su ce za su hutu ƙasar waje, birnin Atina, su bar wanki a igiya don kada maƙwabta su gane, shi ke nan.

Ana gobe addu'ar mahaifinsa, Heskel ya ƙirga mazan da suka rage. Goma cif, har da Dawud mai gyaran agogo.

"Malam Dawud, gobe da safe fa."

"Haba ɗan Sasson, ina zan je? Wace ƙasa za ta karɓi tsoho mai tari? Kai ma don cike goma kake so na."

"To don me kuma? Muryar nan taka ai korar mala'iku take."

Dawud ya yi dariya, amma bai ɗago daga agogon ba.

Da safe maza tara suka zauna a majami'a, wurin ibadarsu, har rana ta ɗaga. Heskel ya taka zuwa gidan Dawud. Ga riguna a igiya, ga tulu cike da ruwa, hankalinsa ya ɗan kwanta. Ya kai hannu jikin ƙofa don taɓa ɗan kwanson rubutun da kowane Bayahude ke kafawa a wurin. Ramin ƙusa biyu yatsunsa suka tarar. Mai zuwa hutu ba ya cire shi.

Ya koma majami'a ya girgiza kai. Mutane suka naɗe mayafansu na addu'a suka fita ɗaya-ɗaya. Tun rasuwar Sasson, ranar ce ta farko da ba a yi masa addu'a ba.

A gida matarsa Farha ta tambaye shi ko an yi.

"Gobe ki yi wanki," in ji shi. "Ki shanya inda kowa zai gani."