Duna, Karen Sallau Mai Rake

Duk Matameye an san Sallau mai rake da abu biyu: taurin kai, da baƙin karensa Duna. Lambunsa na maƙwabtaka da namu, shi ya sa nake da bakin ba da labarinsa.

Shekarar da fari ya ƙone gero, sojojin da ke mulki suka ce kowa ya koma noman rani. Mazan unguwarmu suka gwammace tafiya Kano, Sallau ya ce ba inda za shi. Shi da Duna suka riƙe lambun, shi yana ban-ruwa, karen yana korar awakin da yunwa ta haukata.

Ana haka Duna ya kwanta rashin lafiya. Sai ya ɗaga ƙafa ya yi ta nishi, fitsari ya ɗiga kaɗan, da jini-jini. Sallau ya ɗura masa jar kanwa da jiƙon sabara, duk a banza. Tsoro ya kama Sallau sosai.

Ran da likitan dabbobi ya zo yi wa shanu allura, Sallau ya ɗora Duna a amalanke ya shiga layin makiyaya. Aka yi ta dariya, ko a jikinsa.

Likitan ya duba karen ya ce, "Baba, wata tsoka ce a gindin mafitsara ta kumbura, ta matse hanya. In aka fiɗiye shi za ta saɓe."

"A fiɗiye wa? Duna? Bunsuru ka gani?"

Matarsa Saratu, wadda ta biyo su da tabarma, ta ce, "Malam, kai za a yi wa ko shi? Ka bar yaro ya yi aikinsa."

Sallau ya riƙe kan karen, ya kau da fuska har aka gama ɗinki. Da idona na ga hawayen Sallau.

Makonni suka wuce, likitan ya biyo ta lambu. Duna ya fito da gudu, ya shinshina tayar motarsa, ya ɗaga ƙafa ya saki fitsari shaaa, har ya yi kwari a yashi.

Sallau ya jefar da guga yana tsalle. "Saratu! Zo ki gani! Yana zuba!"

Mutanen lambuna suka sheƙo a guje suna kallon sama, sun zaci hadari ya gano. Ba wanda ya ji haushi, don ranar kowa ya koma gida da sandar rake kyauta.